Ɓangaren Uwa

Shekara goma sha ɗaya na yi ina awon filaye kafin rana ta fara yi mini illa. A ofishinmu ni kaɗai ce macen da ke fita fili. In saɓa na'urar awo mai ƙafa uku a kafaɗa, in kafa ta a tsakiyar gona ko a bayan wata tsohuwar masana'anta, in sa ido a madubinta, in yi ta ɗaga wa mai riƙe sanda hannu: matsa hagu, dawo kaɗan, tsaya nan. Har a gida Safiyo ake ce mini, wato mai awon fili. Baba ne ya fara da tsokana, sunan kuma ya bi ni.

Yatsuna ne suka fara. Da safe sai in tashi sun kumbura, ko murfin kwalba ba na iya buɗewa. Na ce gajiya ce. Daga nan sai zazzaɓi mai zuwa ya tafi, sai gashi ya soma bin mataji. Wata rana kuma da muka wuni a fili, na dawo gida da wani tabo a kumatu biyu, ya haɗe ta kan karan hanci, kamar malam-buɗe-littafi ya sauka a fuskata ya baje fukafukai. Na sha maganin zazzaɓi sau uku, na shafa duk man da aka ce in shafa. Wata bakwai ina yawon asibitoci kafin na faɗa hannun wata likita, gajeriya mai furfura, da tabarau rataye a wuya. Ita ta sa aka yi ta ɗibar jinina da fitsarina, sannan ta rubuta mini sunan ciwon a takarda: lupus.

"Garkuwar jikinki ce," in ji ta. "Aikinta ta yaƙi cuta in ta shigo. To taki ta daina gane ƴan gida. Ba a rabuwa da shi, amma ana zama da shi, in kin sha magani kin kuma guji rana."

"Rana?" na ce. "Likita, ai a rana nake cin abinci."

"Sai ki nemi inuwa ki ci."

Haka aka mayar da ni ɗakin ajiyar taswirori, a ƙasan bene, ba taga, sai fanka da warin tsohuwar takarda. Da safe ina jin su a sama suna loda kaya a mota, ana cigiyar tef ɗin awo, ana dariya. Sai motar ta tashi. Ni kuwa in jawo aljihun kabad in fito da taswirar filin da na auna da ƙafata, har ina tuna inda ƙaya ta soke ni.

A zuwana na biyar, bayan ta duba sakamakon ƙodata ta ce da sauƙi, Likita ta ɗauko wata takarda daban.

"Akwai binciken da muke yi tare da wasu asibitoci. Ba dole ba ne. Ciwon nan ba ya kama mutane daidai wa daida. Cikin goma, tara mata ne. Kuma matan da asalinsu baƙar fata ne, da na Asiya, ya fi kama su fiye da Turawa, ya fi zuwa musu da wuri, ya fi taɓa musu ƙoda. Amma mafi yawan abin da muka sani game da ƙwayoyin gadonsa, daga jinin Turawa aka samo shi. Ke da kike awo, in aka ba ki taswirar wani gari aka ce ki yanka filin nan da ita fa?"

"Sai a yi shari'a," na ce.

Ta yi dariya. Ni ban yi ba, don hankalina ya tafi kan ƴata. Shekararta takwas, Tsuntsuwa muke ce mata saboda abinci sai dai ta tsattsaga.

"Gado ne ke nan?"

"Ba irin gadon gida ko gona ba, da za a ce ga naki riƙe. Ba ƙwaya ɗaya ba ce, sun fi ɗari, kowace da ɗan abin da take ƙarawa. Wani yana ɗauke da su har ya tsufa bai sani ba. Ko tagwaye masu kama ɗaya, sau da yawa ɗaya ta kamu ɗayar lafiya lau. Yawancin ƴaƴan masu shi ba sa samu. Kada ki je ki tasa yarinya gaba da kallo."

Na karɓi biro. Bayan suna da shekaru, sai layi huɗu: asalin kakanni. Biyun farko na cike su a numfashi ɗaya. Iyayen Baba na san su, na san garinsu, a hannun mahaifiyarsa ma na girma. Da na iso ɓangaren uwa sai biron ya tsaya. Ƙasa da wannan kuma an tambaya ko akwai wani a dangi da ya yi ciwon gaɓoɓi, ko na ƙoda, ko tabo a fuska.

Ina da shekara uku Umma ta rasu. Hotonta ɗaya ne a gidanmu, shi ma ta kau da kai daidai lokacin da aka ɗauka, sai kunne da gefen haɓa. An ce mini ciwon ƙoda ne. In na matsa wa Baba da tambaya, abu ɗaya yake cewa: "Mace ce mai haƙuri." Da wannan kalma ɗaya na gina uwa a raina, mai tafiya a hankali, mai magana ƙasa-ƙasa, wadda ba ta taɓa yi wa kowa tsawa ba. Duk ranar da na ɗaga wa Tsuntsuwa murya sai in ji kunyar wannan matar.

"Je ki da ita gida," Likita ta ce. "Ba sauri."

Shagon Baba wani ɗan tsukuku ne tsakanin kantin magani da mai sayar da wayoyi. Gyaran agogo yake yi tun kafin a haife ni, ko da yake yanzu rabin aikin canjin batir ne. Na same shi da rana tsaka, da gilashin aiki maƙale a ido ɗaya, ya sunkuya kan wani agogon hannu da ya buɗe wa ciki. Na gaishe shi, na jawo benci, na ajiye takardar a gefen ƴan ƙananan sukurorinsa.

Ya karanta a hankali, da yatsa.

"Rubuta ba ki sani ba," ya ce.

"Ai na san ban sani ba, Baba. Kai nake tambaya."

"Wannan lufus ɗin naku, in an cike layin nan zai warke?"

"A'a."

"To."

Ya mayar da gilashin ido, ya ɗauki hantsaki. Na zauna ina kallon hannunsa. Sau uku ya kai wa wani ɗan sukuru cafka yana kuskurewa, mutumin da ban taɓa gani ya kuskure ba. Can sai ya ajiye.

"Tun ranar da kika shigo nan da abin nan a fuskarki na gane shi," ya ce. "Haka ya fito mata. Nan da nan, ya bi ta kan hanci. Na ce a raina in ban faɗa ba wataƙila ba shi ba ne."

"Wata bakwai ina yawo, Baba."

"Na sani."

Bai kare kansa ba, shi ya sa fushin da ya taso mini ya rasa inda zai sauka. Ya ce a lokacin ba wanda ya ba abin suna. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce jini ne ya yi ƙasa, har ƙafafunta suka kumbura, sannan aka ce ƙoda. Game da iyayenta kuwa bai san komai ba, marainiya ya aure ta, a hannun yayarta.

"Umma tana da yaya?"

"Tana da."

"Tana raye?"

"Bara waccan wani direba ya kawo agogo, ya ce har yanzu tana da shagon wanki da guga kusa da tashar jirgin ƙasa, a garin da aka haife su." Ya goge gilashin da bakin riga. "Ranar da aka binne mahaifiyarki ta tsaya a tsakar gidana ta ce ni na kashe mata ƙanwa. Ta ce a ba ta ke. Na hana. Ta ce ƙafarta ba za ta sake taka inda nake ba, ta kuma cika alkawari. Ni ma ban neme ta ba. Laifin nan rabi nawa ne."

Ya yagi gefen wata takarda ya zana mini hanya: tasha, gada, layi na biyu hannun dama. Zanen bai da ma'auni, amma na ninke shi na sa a jaka.

Maigidana ya so ya raka ni, na ce ya zauna da Tsuntsuwa. Awa shida ce a bas. Na zaɓi gefen da rana ba ta bugawa, na sa riga mai dogon hannu da malafa mai faɗi a kan ɗankwali, na yi kama da mai shirin shiga gidan zuma. Duk hanya ina tsara abin da zan ce, ina rushewa.

Shagon yana nan inda Baba ya zana. Riguna a rataye cikin leda har rufi, tururi ya cika ko'ina, rediyo yana ta surutu shi kaɗai. A bayan tebur wata babbar mace ce take guga, doguwa, mai jan fata da dogon hanci, gashinta fari fat ya leƙo ta gefen ɗankwali, mai santsi irin wanda ban taɓa sanin daga ina na samo nawa ba. Na yi sallama. Ta amsa ba ta ɗago ba.

"Kayan wa za ki karɓa?"

"Ba kaya na zo karɓa ba."

Ta ɗago. Ta dube ni, ta sake duba.

"Cire malafar nan."

Na cire. Ta tsaya kawai, dutsen guga a kife kan wata farar riga, har ƙauri ya fara tashi.

"Inna, rigar," na ce.

"Mai ita ya yi haƙuri." Ta zare wayar daga bango, ta zagayo, ta kama fuskata da hannu biyu masu zafi. Babban yatsanta ya bi tabon daga kunci zuwa kunci. "Wayyo Barkono," ta ce. "Har da wannan kika bar mata?"

Ta rufe shago da rana tsaka. Ta hau da ni ɗakinta a saman bene, ɗaki ɗaya da gado da kujeru biyu da keken ɗinki lulluɓe da zane. Ta dafa shayi, ta zuba sukari kamar ba gobe. Kuka muka fara yi, sannan ta tambayi mijina da aikina da ƴata, ta karɓi wayata ta yi ta kallon hoton Tsuntsuwa tana matso da shi kusa da ido.

"Wace ce Barkono?" na ce.

"Uwarki mana. Wa kuma?"

"Baba ya ce mai haƙuri ce."

Inna ta ajiye kofi don kada ya zube. Ta yi dariya har da tari.

"Haƙuri? Yarinyar da ta cire takalmi ta jefi kwandasta don ya ce mata ke? Muka dawo gida tana ɗingishi da ƙafa ɗaya, tana cewa ai ta same shi a kunne. Barkono fa! In tana magana a nan, ana ji a tasha. Fito take yi kamar namiji, na hana na gaji. In ana karta sai ta zauna a kan guda biyu, in an kama ta ta rantse iska ce ta kai su. Girki kuwa kada ki tambaya, ko ruwa ta dafa sai ya kama."

Na zauna riƙe da kofi, ina jin matar da na yi shekara talatin ina ginawa tana ficewa daga ɗakin a hankali, wata kuma tana shigowa da takalmi ɗaya. Ban san wadda zan yi wa kuka ba.

"Rana kuma," Inna ta ci gaba, "kamar ƙadangare. In muka hau rufin nan shanya, ni in gudo, ita ta shimfiɗa zane ta kwanta, wai ƙashinta take gasawa don yana mata ciwo."

"Rana tana tayar da shi, Inna."

"Ni nake shimfiɗa mata zanen," ta ce.

Na fito da takardar, na karanta mata layi biyun. Ta ce mahaifiyarsu kitso take yi, mutanenta daga can saman kogi suka gangaro tun tana goye, sunan ƙauyen ma ba ta taɓa faɗa ba. Ita ma ba ta yi tsawon rai ba. Bakinta ya yi ta fashewa, gashinta ya zube, ƙafafu suka kumbura har ba ta sa takalmi. Mahaifinsu kuwa makanikin jirgin ruwa ne, mutumin Asiya, mai baƙin gashi kamar an shafa mai. Jirginsu ya lalace a tashar ruwa, aka gyara ya tafi, shi ya zauna. Kowa Baƙo yake ce masa, har matarsa. Shekara bakwai yana gyaran injuna a garin, sannan wata rana ya ce zai je ya ga mahaifiyarsa ya dawo.

"Ina da shekara shida, Barkono tana da biyu. Na raka shi har bakin titi, na riƙe masa jaka. Ya koya mini ƙirga da yarensu har goma. Yanzu uku kawai suka rage mini." Ta faɗe su, wasu kalmomi uku gajeru, tana lanƙwasa yatsu. "Na sha faɗa wa baƙin da ke kawo wanki, ko wani zai gane. Wani ya ce ya yi kama da nasu, wani ya ce ban faɗa daidai ba."

Na yi mata bayanin ciwon yadda Likita ta yi mini, garkuwar jiki da ƙwayoyin gado da sauransu. Ta saurara da baki a buɗe kaɗan.

"Wato ba Mai Agogo ba ne."

"Ba kowa ba ne, Inna."

"To daga wa ya zo? Uwarmu ko Baƙo?"

"Likita ta ce ba a iya nuna mutum ɗaya. Kowa da ɗan abin da ya kawo. Wataƙila har ɓangaren Baba."

"Ni kuma ya tsallake ni. Ciki ɗaya, nono ɗaya, ko ciwon kai ba na yi." Ta buga cinya. "Shekara talatin ina fushi da mutumin nan. Da shi nake tashi, da shi nake guga. Yanzu ina kike so in kai shi?"

Akwai kuma tambayar da na zo da ita tun daga bas, wadda ba ta cikin takarda. Na taɓa ji a asibiti cewa ciwon yakan tashi bayan haihuwa.

"Bayan an haife ni ne ya tsananta?"

Inna ta dube ni da gefen ido. "Shi ne abin da na riƙe a kansa. Tun kafin cikin ba ta da lafiya, na ce su dakata, ba su dakata ba. Amma bari in gaya miki gaskiya tunda kin girma. Ba shi ya matsa ba, ita ce. Ta zo nan ta zauna inda kike zaune, na yi mata faɗa, ta ce, 'Yaya, ko ki saya mini zanen goyo ko ki rufe mini baki.' Da aka haife ki ba ta yarda kowa ya ɗauke ki. Hannunta ya kumbura ba ta iya riƙe cokali, sai ta sa a ɗora mata ke a ƙirji, ta tare ki da gwiwar hannu. In kin yi kuka ta yi miki fito. Kada ki sake ki ɗauki wannan kayan, ba naki ba ne."

Kwana biyu na yi a wurinta. Da na ce Likita tana son jinin dangin da ba su kamu ba, don a gwada da namu, ban ƙarasa ba ta fara ninke kaya. Ta rubuta a kwali cewa mai shago ta yi tafiya, ta manna a ƙofa, ta ce wanda ke da biki ya sa tsohuwar riga.

A asibiti ta cika ofishin Likita da jikinta da muryarta. Ta sa aka karanta mata takardar amincewa sau biyu kafin ta sa hannu. Da aka ɗaura mata roba a dantse sai ta ce, "Likita, in kun leƙa jinin nan za ku ga garin ubana?"

"Za mu iya ganin yankin da kakanninsa suka fito. Amma yanki ne babba, mai ɗaruruwan miliyoyin mutane. Gari ko suna, a'a."

"Ko yana raye?"

"Shi ma ba za mu iya gani ba, Hajiya."

"Ba zai yi rai ba ma, ya haura casa'in." Ta kalli kwalbar tana cika. "To me za ku gani?"

"Inda jininki ya bambanta da nata, da na wasu mata dubbai. Zai ɗauki shekaru. Ba na miki alkawarin zai amfane ta. Wataƙila ya amfani ƴarta, ko dai a daina ɓata wa mace wata bakwai kafin a gane abin da ke damunta."

"Ɗebi da yawa," Inna ta ce. "Ina da shi, ba abin da yake mini."

Na cike layi biyun a gabansu. Na farko na rubuta: saman kogi, ba a san ƙauye ba. Na biyu: Asiya, ba a san ƙasa ba. Likita ta ce ya fi abin da mutane da yawa ke kawowa.

Da muka fito, Baba yana zaune a bencin baranda. Ban gaya masa lokaci ba, maigidana ne ya faɗa masa. Ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya ɗora hula a gwiwa. Da ya gan mu ya miƙe.

"Yaya," ya ce.

Inna ta tsaya, da auduga a lanƙwashe a hannu. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Mai Agogo. Ka tsufa."

"Ke ma kin taɓa."

"Wa ya goge maka rigar nan? Ya cuce ka."

Ta zauna a ƙarshen bencin, shi a ɗaya ƙarshen, ni a tsakiya. Masu jinya suna ta wucewa da kwanuka. Can Inna ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Na faɗi magana a gidanka."

"Kin faɗa."

"Ban san abin da na sani yanzu ba."

"Ni ma da na kawo miki yarinyar ko sau ɗaya."

Iyakar abin da suka ce ke nan a kai. Ni ce na kasa haƙuri.

"Baba, me ya sa ka ce mini mai haƙuri ce? Inna ta ce har kwandasta ta jefa."

Bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya. "Ni ma ta jefe ni. Da agogon mutane." Ya juya hular a gwiwarsa. "A ƙarshe ta yi haƙuri, Safiyo. Shekara biyu a kwance, ban ji ta ɗaga murya ba. Wannan ita nake iya ba ki labari. Waccan ta farkon, in na tuno ta ba na iya aiki."

Inna ta cire audugar ta duba wurin allurar, ta daɗe tana dubawa.

Kwana huɗu ta yi a gidanmu. Ta sake goge duk kayan maigidana, ta koya wa Tsuntsuwa fito, ta kuma koya mata kalmomi ukun nan. Ni kuwa bin ta nake daga ɗaki zuwa ɗaki da tambaya. Wane launi Umma take so? Tana tsoron kare? Da wane hannu take rubutu? Wasu ta amsa nan take, wasu ta ce, "Wallahi na manta," sai in ji kamar an rufe mini ƙofa a fuska. Ita kaɗai ta rage da ta san ta tun tana yarinya, ga shi ita ma abin yana zube mata.

Ranar komawarta na raka ta tasha da safe. Ta samu kujerar taga, ni ina tsaye a inuwar rumfa, don rana ta riga ta fito. Direba ya tayar da mota, yaran tasha suna ta buga mata jiki. Sai na ga Inna ta zabura, ta turo gilashi, ta leƙo da kai.

"Af, na tuna! Ranar da ta fara kai ki..."

Wata babbar mota ta danna ham a bayansu. Ina ganin bakinta yana motsi, tana dariya, tana kwatanta wani abu da hannu, kamar ana ɗaga abu sama. Na fito daga inuwar na bi motar da gudu har bakin ƙofa, ina cewa me, me, amma sun riga sun hau titi.

Na ba ta awa shida da rabi, sannan na kira. Ta ce sun sauka lafiya, sai dai ƙafarta ta yi tsami, kuma mai farar rigar nan ya zo ya yi ta masifa.

"Inna, me kike ce mini ta taga?"

"Ta taga?"

"Kin ce ranar da ta fara kai ni. Kai ni ina?"

Ina jin rediyonta a baya.

"Kin ga ya fita," ta ce. "Ɗazun nan yana bakina. Bari, zai dawo. In ya dawo zan kira ki, ko ina tsakiyar guga ne."

Wata biyar ke nan. Muna waya duk mako, ta ba ni wasu labaran da yawa, har da na ranar da Umma ta faɗa kwata da sabon zane. Wancan dai bai dawo ba tukuna.